Amsa ga Alhaji: yadda makin bashi yake aiki a Amurka

Alhaji, barka da war haka. Ka yi mamaki da ka ji an hana wani ɗan uwanmu hayar gida alhali ba wanda yake binsa ko sisi. A gida wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne mai mutunci, kuma idan ana son sanin halinsa sai a tambayi mai unguwa ko abokan kasuwancinsa. A nan mai gidan haya bai san kowa naka ba, takarda yake tambaya. Wanda bai taɓa karɓar bashi ba kuwa takardarsa fara ce fat, ba abin da za ta shaida a kansa.

Kamfanoni uku ne ke riƙe da wannan takarda: Equifax, Experian da TransUnion. Duk wata bankuna da masu ba da bashi suna aika musu labarin nawa ake bin mutum, iyakar da aka yanka masa, da ko ya biya a kan lokaci. Wannan shi ne rahoton bashi. Daga cikinsa ake fitar da maki, wanda mutanenmu ke kira kiredit kawai. Wanda aka fi aiki da shi na kamfanin FICO ne, daga 300 zuwa 850, kuma daga 670 ake cewa mai kyau ne. Albashin mutum da kuɗin da ke asusunsa ba sa cikin lissafin.

Kashi 35 cikin ɗari na makin biya a kan lokaci ne. Jinkirin kwana biyu ko uku biyan tara kawai zai jawo, amma da zarar ya kai kwana 30 sai a kai rahoto, kuma tabon yana zama shekara bakwai. Kashi 30 kuma yawan abin da ka ci ne daga iyakar da aka ba ka, kuma a nan ne masu gaskiya da yawa suke faɗuwa ba su sani ba. A ce iyakar katin bashinka, wato katin da banki ke ba ka ka yi sayayya ka biya daga baya, dala 1,000 ce, ka kashe 900, ka biya duka kafin wa'adi. A ganinka ka fita. Amma banki yakan aika adadin da ke kan katin ranar da aka rufe lissafin wata, ba ranar wa'adin biya ba, sai a gan ka a matsayin wanda ya cinye kashi 90. Maganinsa a biya kafin ranar rufewa, ya zama abin da ya rage bai kai dala 300 ba, in da hali ma ƙasa da 100. Sauran kuwa: daɗewar asusu kashi 15, neman sabon bashi 10, nau'o'in bashi 10. Saboda daɗewar asusun nan ne muke hana mutane rufe katinsu na farko.

Na san abin da ke ranka, wato riba. Mafi yawan katuna ba sa ɗora ruwa a kan sayayya idan an biya dukan kuɗin da ke takardar wata kafin wa'adi. Abin da ke jawo ruwa shi ne biyan mafi ƙarancin da aka rubuta a bar saura, ko cire tsabar kuɗi da katin, wanda ruwansa ke fara hawa tun ranar. Maganar da ake yaɗawa cewa sai ka bar ɗan bashi maki zai tashi ba gaskiya ba ce. Malamanmu sun saɓa a kan sa hannu a yarjejeniyar da ta ambaci ruwa ko da ba za a biya shi ba, don haka akwai masu guje wa katin gaba ɗaya. Sai dai su ma kamfanonin da ke sayar da gida bisa tsarin Musulunci suna duba rahoton nan.

Sabon zuwa daga sifili yake farawa, domin tarihinsa na CRC ko FirstCentral, kamfanonin rahoton bashi a Najeriya, ba ya shiga rahoton nan da kansa. Abin da aka saba shi ne katin jingina: ka ajiye kamar dala 200, ita ce iyakarka, ka riƙa sayen mai ko biyan kuɗin waya da shi kana biya duka. Sai asusun ya yi wata shida kafin FICO ya fitar da maki. Wani sabon zuwan kuma, ɗan uwansa mai tarihi mai kyau ne ke sa shi a katinsa. Adashin da muke yi tsakaninmu, da kuɗin da ake aikawa gida duk wata, ko ɗaya ba ya shiga rahoto. Kuɗin haya ma galibi ba ya shiga, amma idan ka gudu da shi aka miƙa ka ga masu karɓo bashi, zai iya bayyana.

Abin da ya fi ɓata zumunci a nan shi ne tsaya wa mutum wajen karɓar bashin mota. Kunya ta sa ka sa hannu, shi ya yi jinkiri, tabon ya hau kanku duka biyu, kuma doka ta ba masu bashin damar bin ka dukan kuɗin.

Mu kuma muna da wata matsalar ta daban: sunayenmu suna kama da juna, ga Muhammad da ake rubutawa iri uku ko huɗu, sai bashin wani ya faɗo cikin rahoton wani. Don haka a riƙa dubawa a AnnualCreditReport.com, kyauta ne kowane mako, kuma duba naka da kanka ba ya rage maki. In ka ga kuskure, ka rubuta wa kamfanin da ya nuna shi tare da hujja. Dokar da aka kafa a 1970 ta ba su kimanin kwana 30 su bincika, abin da suka kasa tabbatarwa dole su goge. Kowane kamfani da nasa rahoton, saboda haka gyara a ɗaya ba ya nufin an gyara a sauran biyun, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.