Bambancin "conceivable" da "possible"

Salamu alaikum. Ƙanena da ya ci karo da kalmar "conceivable" a wani labarin jarida yake tambaya ko daidai take da "possible", ga abin da na sani daga shekarun da na yi ina koyar da Turanci a sakandare ina kuma taɓa aikin fassara.

Sun yi kusa, amma ba ɗaya ba ne. "Possible" na nufin abu zai iya faruwa. Ita kuwa "conceivable" maganar ƙwaƙwalwa take yi, wato abin da mutum zai iya ƙiyasta shi a ransa ba tare da hankalinsa ya ƙi karɓa ba. Daga "conceive" ta fito, wadda asalinta kalmar Latin ce, "concipere", ta biyo ta Faransanci ta shigo Turanci. Ma'anarta ta asali ɗaukar abu a riƙe shi a ciki, shi ya sa "conceive" take nufin mace ta ɗauki ciki, take kuma nufin mutum ya haifar da wani tunani a kansa. Sai dai ita "conceivable" ta tunani ce kawai, ba ruwanta da mai juna biyu.

Wurin da ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne nauyin kalmar. In jami'i ya fito ya ce "It is conceivable that prices will fall", wallahi bai yi wa kowa alkawari ba, bai ma ce ya hango alamar saukar farashi ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne ba za a ce ba zai yiwu ba. Na sha ganin an fassara irin wannan jimla da "ana sa ran farashi zai sauka", wannan kuwa sa wa mutum magana a baki ne. "Ana sa ran" aikin "likely" ne ko "expected". In ka jera su, "likely" ce a sama, "possible" a tsakiya, "conceivable" can ƙasa. Shi ya sa masu magana da yawun gwamnati da lauyoyi suke son ta: ƙofa ce da suke bari a buɗe don kar a kama su gobe.

A maganar yau da kullum kuwa, ka fi jin ta bayan "every". "They sell every conceivable kind of cloth", kamar a ce maka a Kantin Kwari duk irin yadin da ya zo maka a rai akwai shi. A nan babu wani shakku a cikinta, ƙarfafa magana take yi. Haka ma "no conceivable reason", wato babu wani dalili da hankali zai kama, ko ɗaya.

Kishiyarta "inconceivable" ta fi ta zafi nesa ba kusa ba: abin da hankali ba zai taɓa ɗauka ba. Akwai kuma "conceivably", da ake sawa kafin aikatau, ma'anarta mai yiwuwa, amma da ɗan nisa.

Wajen rubutu a lura: bayan c, e ce take riga i, kamar a "receive" da "deceive", kuma e ta ƙarshen "conceive" faɗuwa take yi kafin a liƙa "able". Wajen furuci a danna gaɓa ta biyu, kan-SII-va-bul. In ta fito maka a JAMB a sashen kalma mafi kusa a ma'ana, nemi "imaginable" cikin zaɓin kafin ka ruga wa "possible". A hira da abokai kuma "maybe" ta ishe ka, "conceivable" a wannan ma'anar ta rubutun ofis ce da jarida.