Ɗan tsako ɗaya a ɗaki lokacin hunturu: yaya za a yi da kaɗaicinsa?

'Yar'uwa, kin ce ɗan tsako ɗaya ne ya rage miki, kin sa shi a kwali cikin ɗaki saboda sanyi, amma kuka yake yi ba dare ba rana. Ki fara duba ɗumi tukuna. A makon farko yana buƙatar zafi wajen digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar digiri 3 duk mako har gashinsa ya cika a wajen mako shida. Daren Kaduna a Disamba da Janairu ya fi ƙarfinsa. Ki rataya kwan lantarki mai zafi a gefe ɗaya na kwalin, ya samu inda zai matsa idan zafi ya yi yawa. In wuta ta ɗauke, kwalbar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma ta wadatar. Kada ki rufe ɗaki da kaskon gawayi, iskarsa tana kashe tsako, har da mutum.

Idan da ɗumi da abinci amma kukan bai tsaya ba, to kaɗaici ne. Kaza dabbar garke ce, tsako yana koyon ci da sha ne daga kallon 'yan'uwansa. Shawarata ki sayo biyu ko uku sa'anninsa daga wajen da ake yi musu rigakafi, don manya za su yi ta sararsa. Kafin nan, ƙaramin madubi da tsumma mai laushi da zai lafe a ciki suna rage masa damuwa. Ki riƙa ɗaukarsa a hankali kina masa magana, sannan ki wanke hannu da sabulu, musamman idan akwai yara a gidan.