Bindigar ƙofar jirgin da nake ƙerawa ta ƙi tsayuwa, kuma an ba ni tsofaffin harsasai in yanka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ƙera ƙaramin samfurin jirgi mai saukar ungulu na sojan Amurka, wato Huey na zamanin yaƙin Biyetnam, a ma'aunin 1/16 (wato kowane awo na jirgin gaske an raba shi da 16), komai da hannu. Gangar jikin ta fito yadda nake so, amma bindigar bakin ƙofa ta hana ni sakat. Bututunta ya yi kauri, sandar da ke ɗauke da ita kuma da an taɓa sai ta karye daga gindi. Wani ɗan gwangwan a unguwarmu ya ba ni tsofaffin harsasai, ya ce in yanka tagullar in yi aiki da ita, wai sun daɗe a ƙasa, kuma idan na jiƙa su kwana uku a ruwa ko baƙin mai shi ke nan sun mutu. Zuciyata dai ba ta kwanta ba. In yanka ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka bari. Kada zarto ya kusance su, kada ka matse su, kada ka ɗora su a wuta. Zan dawo kan wannan, amma bari mu fara sallamar bindigar, don ita ce mai sauƙi.

Bindigar da aka saba ɗorawa a ƙofar Huey ita ce M60D, wato bindiga mai sarrafa kanta M60 ta sojan ƙasa da aka gyara don jirgi. An cire mata gindin da ake jinginawa a kafaɗa, an sa mariƙa biyu a baya waɗanda ake kamawa da hannu bibbiyu, an sa mata zoben saiti a sama, sannan an rataya jakar tamfol a gefe tana tare kwanson da ke fitowa don kada iska ta kai shi ga farfelar wutsiya. Tsawonta kimanin santimita 110 ne. Raba da 16, za ka samu milimita 69. Bututun, wanda yake milimita 560, ya koma 35. Ramin bakinta na milimita 7.62 kuwa bai cika rabin milimita ba. Nan kaurin da kake kuka da shi ya samo asali: kana aunawa da ido, ido kuwa kullum ƙara wa ƙaramin abu jiki yake yi. Ka sayi sabuwar allurar asibiti mai lamba 16, wadda kaurinta milimita 1.65 ne, ka goge tsinin, ka yanka daidai tsawo. Sabuwa fa na ce, daga kemis, ba wadda aka tsinta a bola ba. Ka liƙa wani guntun da bai kai ta tsawo ba a ƙarƙashi a matsayin bututun iskar da ke mayar da injin baya. Jikin bindigar kuma ka hauhawar da shi da sirarran yankan roba, na kofin yogot ko katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa, ɗaya bisa ɗaya, sannan ka gyara da samfefa. Kada ka shafa mata fenti mai ƙyalli. Baƙi mara sheƙi, ya bushe, sai ka kankare bakin fensir ka murza garin da yatsa a kan kusurwoyi, nan take za ta yi kamar ƙarfen da hannu ya saba taɓawa.

Sandar kuwa tana karyewa ne saboda ka liƙa ta ne a kan fata. Sufa gulu yana riƙe abu idan aka ja shi miƙe, amma da an tura daga gefe sai ya tsage. A jirgin gaske ma, maɗaurin da ake kira M23 ba a dandamalin ciki yake zaune ba, an ɗaure shi da ƙusoshi a jikin ƙashin jirgin daga waje, sandar ta taso, akwatin harsashi na gefe, da lanƙwasasshiyar hanya mai kai jerin harsashin zuwa bindiga. Ka yi koyi da hakan. Ka huda gangar jikin, ka zura sifok ɗin keke ko waya mai ƙarfi har ta shiga cikin ƙashin samfurin, ka cika da gam mai haɗi biyu, sannan ka sa wa wayar riga da siririn gaɓar eriyar tsohon rediyo. Idan kuma ka gaji da sandar gaba ɗaya, tarihi ya ba ka mafita: a farkon yaƙin da yawa sun riƙa rataye M60 ta sojan ƙasa da igiyar roba daga rufin ƙofa, wasu har su maƙala gwangwanin abincin soja a gefenta don jerin harsashin ya riƙa shiga sumul. Ni wannan ya fi burge ni a samfuri, don yana nuna mai ƙirar ya san labarin jirgin.

To, mu koma kan ɗan gwangwan.

Ko da harsasan nan ba su da haɗari ko kaɗan, ba su da amfani a aikinka. Harsashin 7.62 na wannan bindigar tsawonsa milimita 71 ne, wato ya ma fi bindigar taka gaba ɗaya tsawo. Gindin kwansonsa ya kusa milimita 12, kai kuma bututun da bai kai milimita 2 ba kake nema. Harsashin da ya dace da ma'auninka ɗan guntun wayar jan ƙarfe ne mai tsawon milimita 4 da rabi, ka jera su a kan siririn tef. Me za ka yi da tagullar? Ba komai. Za ka sa idonka da yatsunka a caca ne kawai saboda abin da wayar tsohuwar fanka za ta ba ka kyauta.

Maganar jiƙawa kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Wannan ya ce ruwa, wancan ya ce kananzir, wani ya ce baƙin mai, kowa da adadin kwanakinsa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da zai iya nuna maka cewa ruwan ya shiga. Harsashin soja an yi shi ne don ya jure damina, laka, gumi da shekaru a rumbu. Ana shafa masa abin toshewa a wuyan kwanso da kewayen ɗan maɓallin da ke gindi, wanda bindiga ke daka don tayar da harsashin, don dai kada danshi ya ratsa. Abin da masana'anta ta kashe kuɗi don ya hana ruwa shiga, shi ne wani zai ce maka kwano da kwana uku sun gama da shi? Kuma ko ruwan ya shiga, sinadarin da ke cikin maɓallin nan yana iya bushewa ya dawo da ƙarfinsa. Shi ba ashana yake jira ba. Duka, gogayya ko zafi kawai yake so, kuma zarto yana kawo ukun a lokaci guda.

Tsufa ma ba ya kashe shi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare tun 1918, amma har yau manoma a arewacin Faransa da Beljiyam suna tono harsasan igwa da garma, kuma ba sa wasa da su, masu kwance bam ake kira su kwashe. Tsatsa da ka gani a waje ba ta ba ka labarin ciki, sau da yawa ma tsohon ya fi sabon saurin fushi.

Akwai masu cewa ai harsashi in ba a cikin bindiga yake ba, ko ya tashi ba ya kisa. Ga iyakar gaskiyar da ke ciki: kan harsashin ba ya tafiya da ƙarfin da zai yi daga bututu. Amma kwanson ne ke tsagewa, ɓarɓashin tagulla da maɓallin gindi su watsu. Ina fuskarka take a lokacin? Mai ƙera ƙananan abubuwa sunkuyawa yake yi, idonsa bai fi taƙi ɗaya daga aikin ba, yatsun hagu na riƙe da abin. Wanda ya ce ba ya kisa, ka tambaye shi ko zai ba ka aron ido. Wannan fa ƙaramin harsashi ke nan. Idan abin da aka ba ka ya kai kaurin babban yatsa, irin na milimita 12.7, wasu daga ciki suna ɗauke da sinadarin ƙonewa a cikin kan kansa, na milimita 23 da 30 kuwa da yawansu ƙananan bama-bamai ne masu nasu abin tayarwa. Irin waɗannan hannu suke cirewa. Kada ka dogara da launin da ke bakinsu don ganewa, kowace ƙasa da tsarinta, kuma fenti na gogewa a ƙasa. Kada kuma ka ce ai gindin a lotse yake, an riga an harba. Wanda aka daka ya ƙi tashi shi ma a lotse yake.

Ga kuma doka. Dokar makamai ta Najeriya, tun ta 1959, ba ta yarda mutum ya mallaki harsashi ba tare da izini ba, kuma a shingen bincike babu mai lokacin sauraron bayanin ma'aunin 1/16. Na san abin da ke hana mutane kai rahoto: tsoron kada wanda ya kawo ya zama wanda ake tuhuma, a yi ta je-ka-ka-dawo. Wannan tsoron ne ke sa irin waɗannan kaya su yi ta yawo daga buhun gwangwan zuwa hannun yara, kuma ya kamata hukumomi su sauƙaƙa wa mai gaskiya hanya. Amma kai kada ka warware matsalar da jefa su a shara, inda za a cinna wuta da yamma, ko a masai, ko a kwata. Ka bar su inda suke, nesa da murhu da rana da yara, kada ka saka su a aljihu ka hau babur. Ka je wajen mai unguwa da wani babba na gidanku, ku sanar da 'yan sanda tare, su turo masu kula da abubuwan fashewa su ɗauka. Ka faɗa musu inda ka samo su, don buhun da waɗannan suka fito ba mamaki akwai saura a ciki, kuma gobe guduma za a sa a daddaka shi kafin a ɗora a sikeli.