Kar ka raba ƙashin kan nan biyu

Toh ɗana na ga saƙonka, ka ce wani maharbi ya kawo ƙahonin elk, babbar dabbar dajin nan mai ƙaho mai rassa, haɗe da ƙashin saman kai yana so a kafa masa a bangon falo, faɗinsu ya fi ƙarfin teburinka, shi ne kake tambaya ko ka sa zarto ka raba ƙashin biyu daga baya ka haɗe. A'a, ajiye zarton nan tukun.

Nan Amurka maharba da yawa suna so a auna musu ƙaho a shigar da shi littafin Boone and Crockett, ƙungiyar da ke rubuta manyan ƙahonin da aka farauto, su kuma ƙa'idarsu sai ƙahon ya sha iska kwana 60 kafin awo, kuma ƙashin da ya haɗa ƙahonin ya kasance lafiya lau ba a tsaga shi ba, don har faɗin tsakaninsu ake aunawa. Kana yankawa shi kenan ka kashe wa mutum abin da wataƙila ya yi shekaru yana nema a dutsen Kolorado ko Wayomin. Ko da bai damu da awo ba, in ka raba da wuya ka dawo da buɗewarsu yadda Allah ya yi su, ɗaya zai leƙo gaba ɗaya ya koma baya kuma mai shi zai gane.

Kar ka ɗauka irin ƙahon sa ne da ake dafawa a zare kubensa. Na elk ƙashi ne zalla tun daga gindi har tsini, duk shekara yake zubarwa wani ya fito, na babban namiji guda biyun kan kai kilo 18, kuma duk nauyin gaba yake ja. Aikinka kaf yana kan ɗan ƙashin nan da bai wuce tafin hannu biyu ba.

Fara da wanke shi. Kankare nama da fata musamman zagayen gindin ƙahon, wajen nan mai ƙurji-ƙurji, nan tsoka ke maƙalewa bayan wata biyu falon mutum ya ɗau wari ƙwari su zo. Sa ƙashin kaɗai a ruwan zafi da ɗan sabulu, wuta kaɗan-kaɗan, kar ya tafasa fal-fal don ƙashi zai yi rauni, kuma kar ruwan ya hau kan ƙahon, launin ƙasa-ƙasan nan daga goga itatuwa ya samo shi, in ya wanke babu fentin da zai dawo maka da irinsa. Bilic kam ko kusa, cin ƙashi yake. Ka cire ƙwaƙwalwa tas, jihohi da dama ma ba sa yarda a tsallako da kai mai sauran ƙwaƙwalwa saboda cutar CWD, mai kama ƙwaƙwalwar irin waɗannan dabbobi. In ya fita ka barbaɗa boraks, farin garin nan mai kashe ƙwari, ka bar shi ya bushe sosai.

Daga nan ka daidaita bayan ƙashin ya kwanta lebur, ramin ciki ka cike shi da filar nan ta masu gyaran jikin mota tare da guntun katako. Kafin ka ɗaure komai jingina shi da bango ka ja baya ka duba, tsinin baya kar su taɓa bango, in sun taɓa ƙara katako a baya ya ɗago. Huda ƙashin da injin huda tukun, kar ka tura sukuru kai tsaye zai tsage, sa sukuru guda huɗu dogaye da washa, su ratsa har cikin allon katako mai kauri. Fata ko ƙyallen da za ka lulluɓa a kai wannan ado ne, rabin awa ka gama.

Bangon gidajen nan kuwa allo ne mara ƙarfi, dole ka nemo katakon da ke tsaye a ciki, yawanci inci 16 ne tsakaninsu, sukurunka ya shiga cikinsa sosai. Je ka gidan da kanka ka kafa, kar ka bar wa mai shi, kuma ku je ku biyu ɗaya ya riƙe ɗaya ya ɗaure. Teburin kuma in ya yi maka kaɗan shimfiɗa bargo a ƙasa ka yi aikinka a nan.