Da Me Ake Gane Yaro Ya Girma?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tun da hunturu ya shigo, in ka taso daga aiki sai ka zauna kai kaɗai a ɗakinka na haya a unguwar Pantami cikin Gombe, gari ya yi tsit, kana ƙirga shekarunka kana ganin ba ka tsinana komai ba. Kana tambaya, a da da me ake gane mutum ya girma?

Mu dai ba da shekaru aka auna mu ba, yawancinmu ma ba mu san ranar da aka haife mu ba. Abin da aka damƙa maka ake dubawa. Yaro yana gandu tare da mahaifinsa da 'yan'uwansa, a yi noma tun safe har azahar, abin da aka samu na gida ne, rumbu kuwa maigida ne kaɗai ke da ikon buɗe shi. In aka ga hannun yaro ya faɗa, sai a yanka masa gayauna, ya riƙa nomanta da yamma. Abin da ta ba shi nasa ne, ba mai tambayarsa. Amma fa ana kallo! Wani ya sayar da audugarsa ya sayi tunkiya, wani ya ƙarar da kuɗin a wajen makaɗa. Daga nan dattawa ke sanin wanda za a nema wa aure bana, don sadakin auren fari uba ke biya.

Ba zan ce maka gandu ba shi da aibu ba. Na ga mai furfura da ko tiya ɗaya bai isa ya ɗiba ba sai da izinin tsoho.

Da an gama kaka, sanyi ya sauko, samari su tafi cin rani. Mu nan Gombe muka riƙa zuwa, tun tana ƙarƙashin Bauchi, kafin a ba ta jiha a 1996. Wani dako, wani ga-ruwa, wani aikin auduga. Layin dogo ya riga ya ratso ta nan, ya kai Maiduguri a 1964, don haka aiki bai yi wuya ba. Wanda ya dawo kafin ruwan shuka, ba bashi a kansa, da zanen mahaifiyarsa a hannu, shi ne za a fara matsa wa wuri a bakin wuta bayan isha'i, har a ce, “To, kai me ka gani?”

Zaman nan da kake yi ba laifi ba ne, mu ma mun yi tunanin kanmu a daren sanyi. Sai dai mu akwai manya a gefe, in ka ƙasƙantar da kanka su tuna maka abin da ka manta. Kai kuwa waya ce a hannunka, kana kallon motocin abokanka a Facebook.

To bari in tuna maka. Wa ke biyan kuɗin makarantar ƙanwarka? Da maganar sayar da gonar fadama ta taso, ba kai mahaifinka ya fara kira ba? Ni ƙaninsa a bakinka na ji.

Ka zo gida ranar Juma'a, ka taho wa Inna da bargo. Kuma kada ka kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana kisa.

Baffanka.