Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Girits Ɗina Yake Yin Gudaji, Cukun Kuma Ya Fitar da Mai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. A bara na ziyarci ɗiyata da ke aure a birnin Atlanta na ƙasar Amurka, inda ta riƙa yi mana wani abincin karin kumallo na tsakin masara da cuku, wanda suke kira girits. Laushinsa da garɗinsa sun burge ni ƙwarai. Da na dawo gida na sa aka ɓarzo mini masara, na gwada har sau uku, ina dafa shi na minti biyar kamar yadda na ga tana yi, amma kullum sai ya yi gudaji, tsakin ya ƙi nuna, kuma da zarar na zuba cukun sai mai ya taso sama, sauran ya dunƙule kamar danƙo. Na fi shekara 30 ina tuƙa tuwo ba tare da gudaji ba. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina ganin ƙwarewarki a tuƙin tuwo ce ta ja ki zuwa inda wannan abinci ba ya so, domin tuwo yana buƙatar wuta mai ƙarfi da ƙarfin hannu da gari mai yawa, shi kuwa girits ruwa mai yawa yake so, da wuta ƙasa-ƙasa, da lokaci. Abinci ne na kudancin Amurka wanda asalinsa ya samo daga ƴan asalin ƙasar, musamman ƙabilar Muskogi, kafin ya zama abin karin kumallon kowa da kowa a yankin, har jihar Jojiya, wadda Atlanta ce babban birninta, ta ayyana shi a matsayin dafaffen abincinta na hukuma a shekarar 2002.

Mu fara da batun minti biyar. A kantunan can ana sayar da girits iri-iri. Akwai wanda aka niƙa ƙanana ƙwarai domin ya nuna cikin minti biyar zuwa goma, kuma bisa bayaninki shi ne ɗiyarki take amfani da shi. Akwai kuma wanda aka ɓarza da dutse, mai manyan ƙwayoyi, wanda yake cin minti 45 zuwa awa ɗaya a kan wuta, kuma shi masu girkin gargajiya na yankin suka fi daraja. Tsakin da injin unguwa yake ɓarzo mana ya fi kusa da wannan na biyun, saboda haka minti biyar ba za su yi masa komai ba. Ki sa a surfa masarar sosai, a ɓarza ta matsakaiciya, ƙasa da girman tsakin dambu, sannan ki tankaɗe garin da ke ciki. Ki zuba tsakin a ruwa ki kwashe dusar da ta taso sama, kuma idan kin samu hali ki bar shi a jiƙe tun dare, domin hakan yana rage lokacin dahuwa sosai.

Ga ma'aunin da zai ishi mutum huɗu: kofi ɗaya na tsaki, kofi uku na ruwa, kofi biyu na madara, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, babban cokali biyu na man shanu, da kimanin giram 120 na gurzajjen cuku. Wanda ake samu a kwali mai saurin nuna kofi huɗu na ruwa da madara yake sha, amma tsakinmu ya fi shi shan ruwa, shi ya sa na ƙara. Madarar gari da aka dama da ruwa tana yin aikin ba tare da wata matsala ba.

Gudajin kuwa yana faruwa ne a daƙiƙun farko. Idan aka juye tsaki gaba ɗaya cikin tafasasshen ruwa, sitacin da ke bayan ƙwayoyin yakan kumbura nan take ya manne su wuri guda, ya hana ruwa shiga ciki, kuma daga nan babu muciyar da za ta raba su. Ki tafasa ruwan da gishirinsa a tukunya mai kaurin gindi, ki riƙe maburgi a hannu ɗaya, ki riƙa zuba tsakin da ɗaya hannun kaɗan-kaɗan kamar yadda ake barbaɗa gari a talge, kina burgawa ba tsayawa na kimanin minti biyu, har sai kin ga ya fara kauri kuma ƙwayoyin sun daina kwanciya a ƙasa. Gishirin ma a farko ake sa shi, saboda tsakin da ya riga ya sha ruwa ya ƙoshi ba ya karɓar gishiri yadda ya kamata, sai ki ji lami a ciki, gishiri a waje.

Daga nan ki rage wutar har sai ya zama yana ɓulɓulowa jefi-jefi, ki rufe tukunyar, ki riƙa buɗewa duk bayan minti biyar kina juyawa da muciya har ƙasa domin kada ya yi ƙanzo. Madarar kuma kada ki zuba ta tun farko, domin tana saurin kamu a doguwar dahuwa. Ki ɗumama ta a gefe, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da ya yi kauri. A nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimtar wannan abinci, suna zaton cuku ne yake kawo laushin da kika ji a Atlanta, alhali sitacin masarar ne yake fitowa sannu a hankali ya haɗe da madarar. Idan kika ɗanɗana kika ji sauran tsaki-tsaki a haƙori, to bai yi ba, ko da agogo ya ce lokaci ya cika. Kaurin da ake nema ya fi na kunu, bai kai na tuwo ba: idan kika ɗebo a cokali ya zubo a hankali, ya bazu a kwano ba tare da ruwa ya ware ba.

Sai maganar cuku, wadda ita ce ta fi ba ki wahala. Cuku haɗin furotin ne da mai da ruwa, kuma idan zafi ya yi masa yawa furotin ɗin yakan tsuke ya matso man waje, abin da ya haifar da man da kika ga yana iyo da kuma dunƙulen da ya zama kamar danƙo. Maganinsa shi ne ki sauke tukunyar daga wuta tukuna, ki sa man shanu ya narke, sannan ki riƙa zuba cukun hannu ɗaya bayan ɗaya, kina juyawa har na farko ya ɓace kafin ki ƙara na biyu. Zafin da ke cikin tukunyar ya isa ya narkar da shi. A kudancin Amurka cukun ceda mai ɗan kaifin ɗanɗano aka fi amfani da shi, kuma na fi son ki sayi dunƙule ki gurza da kanki, domin wanda ake sayarwa a gurje ana barbaɗa masa sitaci don kada ya manne a leda, abin da yake rage masa kyawun narkewa. Cukun Fulani da ake daskararwa da ruwan tumfafiya da busasshen cukun Nijar ba sa narkewa, saboda haka ba za su maye gurbin ceda ba, amma idan kika soya na Fulanin kika yanka ƙanana kika zuba a sama, zai dace da shi ƙwarai.

Ki barbaɗa masoro, ki kai shi gaban masu ci da zafinsa, domin yana daskarewa da zarar ya huce. Can ana cinsa da soyayyen ƙwai, a gaɓar tekun jihohin Karolina ta Kudu da Jojiya kuma da jatan lande. Idan kin sake komawa kika yi odarsa a gidan abinci, ki tambayi abin da aka haɗa, saboda na jatan landen sau da yawa ana soya shi ne da naman alade.

Tambaya: Malama, me zan yi da ragowar da ya kwana ya yi tauri? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ƴar'uwa, ki mayar da shi tukunya da ɗan ruwan zafi ko madara a kan wuta ƙasa-ƙasa, kina burgawa har ya saki. Idan kuma kina son sabon abu, ki zuba shi tun yana da zafi a faranti mai faɗi, ki sa a firij ya kwana, da safe ki yanka shi gunduwa-gunduwa, ki shafa masa ɗan gari, ki soya a mai kaɗan har kowane gefe ya yi ja.