Tambaya da Amsa: Kumfar bikarbonat da binegar tana wanke datti kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Ƴata ta nuna mini bidiyo a waya inda ake zuba garin bikarbonat a kwano, a kwara masa binegar, kumfa ta taso, ana cewa babu dattin da ke gagarar wannan haɗi. Na haɗa a gora na rufe, sai murfin ya yi tsalle har ya bugi rufin ɗaki, sauran kuma na yi kwana uku ina goge tukwane da shi ban ga ya fi ruwan randa ba. Kayan ne jabu, ko ni ce ban iya ba? Sannan maƙwabciyata tana shan haɗin don ƙwannafi, shin babu illa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kayanki ba jabu ba ne, tsallen da murfin ya yi ma shaida ce cewa masu kyau kika saya. Abin da ya faru a gorarki kin daɗe da saninsa a madafa, domin duk macen da ta taɓa zuba ruwan kanwa a tukunyar yakuwa ta ga yadda kumfa ke tasowa har ta nemi zubewa a murhu, bayan ta kwanta kuma sai a ɗanɗana a ji tsamin ya mutu. Kanwa da bikarbonat dangi ne, hasali ma akwai bikarbonat a cikin kanwar da ake haƙowa. Binegar kuwa, wanda wasu ke kira ruwan khal, ruwa ne mai ɗauke da sinadarin tsami da ake kira asid asetik, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Idan suka haɗu sai kowanne ya kashe ƙarfin ɗan uwansa, abubuwa uku su fito: iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce kumfar, da ruwa, da wani gishiri mara ƙarfi mai suna sodiyam asetet. Idan kika taɓa kwanon a lokacin za ki ji ya ɗan yi sanyi, saboda haɗuwar tana jan zafi daga abin da ke kewaye da ita.

Lissafin yana da sauƙi. Giram 84 na bikarbonat yana cinye giram 60 na asid, ya saki giram 44 na iska. A ma'aunin gida, cokalin shayi ɗaya na garin, wato kimanin giram 5, yana kashe tsamin mililita 70 na binegar mai kashi 5, kuma yana fitar da iska kusan lita ɗaya da rabi. To, ina iska mai wannan yawa za ta tsaya a cikin ƙaramar gora rufaffiya? Allah ne ya tsare da ba kwalba kika yi amfani da ita ba, don tana iya fashewa a hannu. Ruwan da ya rage kuma, wanda kika yi kwana uku kina wahala da shi, ba shi da tsamin binegar, ba shi da kaifin bikarbonat, ruwan gishiri ne kawai. A ganina masu bidiyon nan kumfar suke tallatawa, domin ido yana son abin da ke motsi, kuma mun saba ɗaukar kumfa alamar wanki saboda sabulu.

Kowanne aikinsa daban ne. Binegar shi kaɗai yana narkar da farin abin nan da ke daskarewa a gindin butar shayi da bakin famfo, wanda ma'adinin ruwa ne irin na farar ƙasa: ki gauraya shi da ruwa rabi da rabi, ki bar shi ya kwana a butar, da safe ki ɗauraye. Bikarbonat kuma, idan aka dama shi da ɗan ruwa ya yi kauri, yana kankare ƙanzo da maiƙo, yana kuma rage warin tsami a firji. Sai dai a kula da tukwanen alminiyam irin waɗanda maƙera ke zubawa, domin idan ya daɗe a kansu yana dusashe su, kamar yadda binegar ke cin siminti idan an yawaita. A kwata da ta toshe kumfar tana iya ɗaga ɗan datti na sama, amma iskar ta baki take ficewa, don haka ruwan zafi da sabulu da wayar ƙarfe ta zungura sun fi ta aiki.

Inda haɗin ke da amfani na gaske shi ne inda iskar ake nema. Mai masa da ke zuba ruwan kanwa a ƙullin da ya kwana ya yi tsami, wannan aikin take yi: tsami ya ragu, masa ta yi huhu. Haka mai kek ke haɗa bikarbonat da nono ko lemun tsami, ta sa a wuta nan take kafin iskar ta tsere.

Game da maƙwabciyarki, bikarbonat yana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci saboda yana kashe tsamin ciki, amma idan an riga an kashe shi da binegar babu abin da zai tarar ya yi. Gishirinsa kuwa yana nan daram. Cokalin shayi ɗaya yana ɗauke da sodiyam fiye da giram 1, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 2 a yini. Mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai juna biyu, su nisance shi sai da izinin likita, kuma ƙwannafin da ke dawowa kullum asibiti yake buƙata.

Akwai haɗin da ya fi wannan haɗari, kuma kayansa suna zaune kusa da juna a gidaje da yawa: binegar da ruwan jabel, wato bilic ɗin da ake faranta tufafi da shi. Waɗannan suna fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, musamman a ƙaramin banɗaki mara taga. Idan an haɗa su bisa kuskure, a fitar da yara, a buɗe ƙofa, kowa ya fita waje har warin ya wuce, wanda numfashinsa ya sarƙe kuma a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.